Ɓarawon da ke shigowa da sallama

Ba kowane ɓarawo ne ke haura katanga ba. Wani da rana tsaka zai ƙwanƙwasa ƙofa, mai gida da hannunsa ya buɗe masa.

A Ingila 'yan sanda sun daɗe suna fama da wannan salo, kuma tsofaffin da ke zaune su kaɗai aka fi yi wa. Galibi mutum biyu ne. Ɗaya ya ce daga hukumar ruwa yake, wai bututu ya fashe a maƙwabta, ya ja tsohuwa kicin ta riƙe masa kan famfo. Ɗayan kuwa ya sulale ɗakin kwana ya kwashe kuɗi da gwala-gwalai. Abin mamaki, tun 1989 aka miƙa harkar ruwa ga kamfanoni a can, amma har yau sunan hukumar na buɗe ƙofa. Shi ya sa kamfanonin kan bar tsoho ya zaɓi kalmar sirri, wadda ma'aikacin gaskiya zai faɗa kafin a zare sakata.

A wajenmu "'yan NEPA ne, mita muka zo dubawa" ke wannan aiki. Ko kuma mace cikin hijabi ta roƙi a bar ta ta kama ruwa, tunda dokar "ba shiga" maza kaɗai ta hau.