Kiranyen mota: robar jikin mota da ke ɓallewa, da dalilin daɗewar kayan gyara

 Wannan shi ne taƙaitaccen abin da muka tattauna a shirinmu na harkar sufuri, mun rubuta shi saboda waɗanda suna daji wajen kiwo ko suna kan hanyar kasuwa lokacin da aka watsa shi.

Wani bawan Allah mai fataucin albasa ne ya bugo mana waya. Ya ce yana bisa babur a kan kwalta, wata babbar mota ta wuce shi a guje, sai wata baƙar roba mai tsawon kamu uku ta taso daga jikinta ta bugi fitilarsa. Ya kauce, saura ƙiris ya afka cikin garken awakin da ke gefen hanya. Mai motar bai ma san an yi ba, ya wuce abinsa. Tambayarsa ita ce: wannan sakacin direba ne, ko kuwa haka aka ƙera motar? Amsar ita ce, kowanne na iya zama, kuma wani lokacin laifin ya samo asali tun daga masana'anta.

Wace roba ce wannan?

In ka tsaya gaban mota ka dubi gilashin gaba, wanda a wajenmu wasu ke ce wa parabiris, za ka ga ginshiƙi biyu, dama da hagu, sun ɗauki rufin. A motoci da yawa an lulluɓe ginshiƙan nan da wata roba mai sheƙi. Akwai irinta tsakanin ƙofar gaba da ta baya, akwai a kan rufi, akwai a bakin tayoyi da ƙarƙashin bamba. Yawancinsu ba a ɗaure su da noti ba. Wasu 'yan ƙananan maƙalai ne na roba, waɗanda makanikai ke kira kilif, suke riƙe da su, wani lokacin a haɗa da gam.

To in kilif ɗaya bai shiga raminsa da kyau ba, iska na samun kafar shiga. Kullum mota na gudu iskar na ɗaga robar kaɗan-kaɗan, har sauran su gaji su karye. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Ke nan in abu ya ɓalle, wanda ke biye bai da lokacin tunani, kaucewa kawai zai yi, kuma wajen kaucewar ne ake samun haɗari.

Mene ne kiranye?

Kamar yadda ake yi wa ɗan majalisa kiranye, haka kamfani ke kiran motocinsa su dawo gareji in an gano aibi a jikinsu. A Amurka doka ce tun 1966. Hukumar da ke sa ido sunanta NHTSA. In kamfani ya tabbatar akwai aibin da ke barazana ga rai, sai ya sanar da hukumar cikin kwana 5 na aiki, ya kuma aika wa masu motocin wasiƙa cikin kwana 60. Gyaran kyauta ne muddin motar ba ta wuce shekara 15 da sayarwar farko ba, kuma ba ruwan doka da ko kai ne mai ita na farko ko na biyar.

Babban misalin da ya shafi zancenmu shi ne na Ford Explorer. A watan Janairun 2024 kamfanin Ford ya yi kiranyen wannan mota, samfurin 2011 zuwa 2019, kusan miliyan 1.9 a Amurka kaɗai, saboda robar gefen gilashin gaba na iya ɓallewa. Kamfanin ya ce kilif ɗin ne ba su kama sosai ba, ko tun wajen haɗa motar, ko wajen gyara, misali in an sake gilashi. Ya yi ƙiyasin kashi 5 cikin 100 ne ke da matsalar. Kashi 5 kamar ba yawa, amma in ka lissafa ya haura mota dubu 90. Kafin wannan ma, a 2021, an kira Explorer samfurin 2016 zuwa 2019, fiye da dubu 600, saboda murfin dogayen sandunan kan rufi na tashi.

Kada wani ya ce ai matsalar kamfani ɗaya ce. A Oktoban 2023 Toyota ta kira Highlander samfurin 2020 zuwa 2023, kimanin dubu 751, saboda ƙasan bambar gaba na iya saki ya faɗi kan hanya. A farkon 2020 Mercedes-Benz ta kira motoci fiye da dubu 740 samfurin 2001 zuwa 2011, saboda gilashin kan rufi na iya rabuwa da gam ɗinsa ya tashi. A Maris na 2025 Tesla ta kira Cybertruck dubu 46 da 'yan kai, don wani dogon ƙarfe da aka manna da gam a gefen rufi yana ɓallewa. Gyaran da ta yi shi ne sake gam, sannan a ƙara ɗaure shi da noti.

Me ke kawo dogon jira?

Nan ne abin ya fi ba mutane haushi. Wasiƙar farko da masu Explorer suka samu a Maris na 2024 ba ta ce su kawo mota ba. Cewa ta yi akwai matsala, amma kayan gyara ba su samu ba tukuna, a jira wasiƙa ta biyu. Mutane da dama sun yi watanni suna jira. Mota na hannunka, an gaya maka tana da aibi, kuma ba abin da gareji zai yi maka.

Dalilan a bayyane suke. Doka ta sa wa kamfani wa'adin sanarwa, don haka yakan sanar tun kafin ya tanadi kayan. Bayan haka, ba zai mayar da irin robar da ta ba da matsala ba, sai ya sake tsara ta, ya gwada, sannan a fara bugawa. Ga shi kuma yawancin irin waɗannan kaya ba kamfanin motar ne ke yin su da kansa ba, wasu masana'antu ne ke yi masa. Samfurin da aka daina ƙerawa tun 2019, masana'antar ta riga ta koma wani aiki, yanzu a ce ta dawo ta bugo na miliyoyin motoci, kowace mota dama da hagu. Ku da kuke kasuwa kun san wannan: in an ce kowa na son rago ana jajibirin Layya, kafin rago ya isa hannun kowa sai an sha jira. In kayan sun fara fitowa ma rabo ake yi, kowane gareji ya samu kaɗan, a bi layi.

Mafi munin jira da aka taɓa gani shi ne na jakar iska ta kamfanin Takata, wadda ke fitowa daga sitiyari in an yi karo. Sinadarin da ke hura ta yana lalacewa in ya daɗe cikin zafi da laima, sai ta fashe ta watsa wa direba gutsattsarin ƙarfe. An kira kusan miliyan 67 a Amurka, mutane fiye da 25 sun mutu a can, kamfanin kuma ya karye a 2017. Shekaru aka yi ana sakewa, aka fara da tsofaffin motocin yankunan zafi da laima. Na kawo wannan ne don motocin da muka fi hawa na ciki: Honda Accord da Civic na 2001 da 2002, da Toyota Corolla ta 2003 da 2004, duk an yi gargaɗin kada a tuƙa su sai an sake jakar.

Ina ruwanmu a nan bakin iyaka?

Da ruwanmu ƙwarai. Dokar tarayyar Amurka ta hana dila sayar da sabuwar mota mai kiranye kafin a gyara, amma ba ta hana sayar da tsohuwa ba. Saboda haka motar da mai ita ya gaji da jira ana iya kai ta gwanjo, a saye ta, a loda a jirgin ruwa, ta sauka Kwatano ko Lome ko Legas, ta ƙare a Maraɗi, Ƙonni, Sakkwato ko Katsina da aibinta. Wasiƙa ta biyu kuwa can za ta je, gidan wanda ya sayar. Kai da ka biya kuɗinka ba wanda zai neme ka.

Ƙari a kan haka, da yawa daga motocin gwanjo sun taɓa yin karo, an sake musu gilashi ko bamba kafin a kawo su kasuwa. Mai gyaran in yana sauri sai ya mayar da tsofaffin kilif, ko ya cike gurbin wanda ya karye da sufagulu. Sannan ga ranarmu ta bazara da ke busar da roba ta mai da ita kamar ƙanzo, ga gargadar hanyar laterit da ke girgiza komai.

Mai saye, ga abin yi

Yawancin motoci suna da lambar shasi mai harufa da alƙaluma 17. Tana ƙasan gilashin gaba ta wajen direba, tana jikin ginshiƙin ƙofa, tana kuma cikin takardun mota. In ta fara da 1, 4 ko 5, a Amurka aka ƙera ta, 2 Kanada ce, 3 Meziko, J Japan, W kuma Jamus. A motocin da aka sayar a Amurka, na 10 a jerin shi ke nuna shekarar samfuri: B 2011 ce, C 2012, har zuwa K wadda ita ce 2019, amma babu harafin I a lissafin. Da wannan kaɗai dillali ba zai ƙara wa mota shekaru ya yaudare ka ba.

Ka sa yaron da ya iya waya ya shiga shafin nhtsa.gov/recalls ya rubuta lambar. Kyauta ne, kuma zai nuna kiranyen da ba a gyara ba. Amma a kula, na motocin da aka sayar a Amurka ne. Wadda ta fito daga Turai ko Dubai, rashin ganin komai ba ya nufin lafiyarta ƙalau.

In kana da wakilin da ke saya maka a can, ka ce ya duba kafin a loda, in kayan sun samu ya kai ta garejin kamfani a gyara kyauta. In ta riga ta iso, ka kai lambar wurin wakilin kamfanin a ƙasarku ka tambaya, amma kada ka sa rai da yawa, don dokar can ba ta bin mota har nan. Ko ba komai ka samu hujjar neman ragi wajen ciniki.

Direba, ga naka

Kafin ka tashi daga tasha ka zagaya motar, ka taɓa kowace roba da hannu. In tana motsi, ko ka ga rata tsakaninta da gilashi, ko kana jin fito ko kaɗawa in ka ɗauki gudu, to ta fara saki. In ta saki sosai, gara ka cire ta ka ajiye a but har ka samu gyara. Robar waje ba ita ke riƙe da gilashi ba, gilashi na da nasa gam. In kaɗan ta ɗaga, salatif mai ƙarfi zai riƙe ta ka isa gari, amma ka sani na wucin gadi ne, rana na kashe shi.

Wajen gyara ka nemi sababbin kilif, a wanke wurin ya bushe, in za a ƙara gam a sa irin wanda ake manna gilashin mota da shi. Sufagulu na bushewa ya yi tauri, gargada ta fasa shi. Kada ka yarda a huda ginshiƙi a ɗaura sukuru. Wayoyin lantarki na bi ta ciki, a motoci da yawa kuma jakar iskar gefe na kusa da wurin, ga tsatsa da yoyon ruwa da za su biyo baya. Masu lodin kasuwa kuma, don Allah a daina zarga igiya a jikin robar rufi, ba don ɗaukar kaya aka yi ta ba.

'Yan'uwa makiyaya

In burtali ya ratsa kwalta, ko kuna bin gefen hanya zuwa kara, a ja dabbobi da yara nesa da bakin titi gwargwadon hali, musamman inda motoci ke sakin gudu. In kun ga gutsuren roba, waya ko ɗan ƙarfe ya faɗo, a ɗauke shi. Saniya ba ta tantance abin da ta kwasa da ciyawa, kuma ƙusa ko waya in ta shiga ciki tana iya huda tumbi har ta taɓa zuciya. In abu ya faɗo daga mota ya ji wa mutum ko dabba, a riƙe lambar motar da gutsuren da ya faɗo, a kai wa jandarma ko jami'an kiyaye haɗurra. Ba a tare hanya, ba a jifa.

Shi kuwa mai albasa da ya bugo, muna yi masa barka da arziki. Duk wanda ke son a duba masa lambar shasi, ya rubuto ta daidai, harafi 17 cif, ya turo ta layin shirin, za mu duba mu ba shi amsa a mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Allah ya tsare hanya, ya kai kowa gida lafiya.