Tafiya Mai Nisa Da Keke Cikin Adar

Yau maganarmu bisa mutumin da zai yi tafiya mai nisa da keke, shi kaɗai.

In za ka tashi daga Madawa zuwa Buza da Keita, ka sani ƙasar duwatsu ce, da hawa da gangara. Madawa zuwa Buza kamar kilomita 50 ne. Ya ishe ka wuni guda.

Zaɓi lokacin ɗari, daga Disamba zuwa Fabrairu. Da bazara zafi yana wuce digiri 40. Da damina korama tana cika nan da nan. Kada ka shiga, jira ruwan ya wuce.

Duba birki da sarƙa da taya tun gida. Riƙe famfo da faci, don ƙaya ta yi yawa a hanya.

Ruwa shi ne ranka. Ɗauki lita 5, ka ƙara a kowane gari. Yi guzurin dabino da ƙuli-ƙuli. Ɗaure tabarma da bargo da gidan sauro bayan keke.

Tashi da asuba. In rana ta yi tsaka, nemi inuwa. A kwarin Majiya, cikin ƙasar Buza, akwai layin dogon yaro da aka fara dasawa a 1975.

Kada ka kwana a daji. Shiga gari kafin magariba, ka gaida mai gari, ka tambaye shi labarin hanya. Riƙe takardar shaidarka, kuma iyalinka su san inda ka nufa.

Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya kiyaye hanya.