3.4 Rufe Sassan da Ba a Bukata a Tarin Hotunan Tauraron Ɗan'adam

A wannan sashe za a yi bayanin yadda ake rufe wasu sassa na hoto kafin a auna faɗin ruwan Tafkin Chadi. Abin da ake nufi da tarin hotuna shi ne hotunan wuri ɗaya da aka ɗauka a lokuta daban-daban, aka jera su wani kan wani a cikin manhaja irin su QGIS ko ENVI. Taurarin Landsat, waɗanda Amurka ta fara harbawa a 1972, su ne tushen irin waɗannan hotuna. A Landsat 8 kowane ɗigo na hoto yana wakiltar mita 30 a ƙasa, kuma tauraron kan komo kan wuri guda bayan kwana 16.

Marufi shi ma hoto ne, sai dai lamba biyu kawai yake ɗauke da su, wato 1 ga ɗigon da za a ƙirga, 0 ga wanda za a yar. Marufin iyakar yankin bincike guda ɗaya ya wadatar ga dukkan tarin, muddin hotunan sun hau kan juna daidai. Gajimare kuwa ba ya zama wuri ɗaya, saboda haka kowane hoto sai an yi masa nasa marufin. Wannan ne aikin tsarin Fmask da Zhu da Woodcock suka fitar a 2012, wanda ke gano gajimare da inuwarsa. Haka kuma hotunan Landsat 7 na bayan Mayun 2003 suna da layuka fanko, sakamakon lalacewar wata na'ura a jikinsa, abin da ke cinye kusan kashi 22 cikin ɗari na kowane hoto.

Inuwar gajimare ta fi gajimaren kansa haɗari. Dalili kuwa shi ne ruwa yana shanye hasken infared, sai ya fito baƙi, inuwar ma baƙa take fitowa. Idan ba a rufe ta ba, manhaja za ta ƙirga ta a matsayin ruwa, musamman a hotunan damina. Irin wannan kuskure kan auku idan aka cike wurin da aka rufe da sifiri, domin ƙimar ruwa ma dab take da sifiri. Abin da ya dace shi ne a sa wa wurin alamar "babu bayani", ta yadda manhaja za ta tsallake shi a lissafi. Hazon hunturu kuwa ya fi wuyar sha'ani, domin ba shi da iyakar da za a zagaye. Sau da yawa gara a cire hoton gaba ɗaya daga tarin.