Agogon Iska Ma Yana Ƙarya: Yadda Ake Gano Lahaninsa Da Sauti

Duk wanda ya taɓa ɗora kaya a tirela daga tashar jiragen ruwan Lome zuwa Sinkase, tafiyar sama da kilomita 600, ya san inda hankali yake tashi. Wato tsaunukan Alejo da ke gaba da Sokode, da kuma na Defale a hanyar Dapaong. A nan ne dukiyarmu take rataye a wuyan birki, shi kuwa birkin babbar mota da iska yake aiki.

Direba ba ya ganin iskar da ke cikin tankin. Agogon da ke gabansa kawai yake kallo, wanda a ƙa'ida yake nuna wajen ba 8 idan tanki ya cika. A motocin zamani, agogon yana samun labari ne daga wata 'yar na'ura mai auna ƙarfin iska. A cikinta akwai faifai siriri da ke lanƙwasawa gwargwadon matsin da ya same shi. Idan faifan ya tsage ko waldarsa ta saki, sai agogo ya riƙa faɗin abin da ba shi ke nan ba.

A masana'antu, irin wannan lahani da sauti ake farautarsa, sautin da ya wuce kaɗawa 20,000 a daƙiƙa, wanda jemage ke ji amma kunnen ɗan Adam ba ya ji. Dabarar da ake duba mai juna biyu a asibiti ce. Ana shafa mai a jikin ƙarfen, a ɗora kan na'urar, ta aika sauti ciki. A ƙarfe yana gudun wajen mita 5,900 a daƙiƙa, ya bugi bayan ƙarfen ya dawo. In akwai tsaga a tsakiya, amsa-kuwwar za ta dawo da wuri, kuma daga lokacin ake lissafa zurfinta. Wani Ba'amurke, Floyd Firestone, ya sami rajistar irin wannan na'ura tun 1942.

Gaskiyar magana, a ganinmu babu mai motar da zai kashe kuɗin gwaji a kan 'yar na'urar da sauya ta ya fi araha. Inda dabarar ta shafe mu shi ne tankin iskar kansa, da tankokin man fetur da na gas, domin tsatsa daga ciki take ci, fenti kuwa yana nan fes. Sautin yana auna kaurin ƙarfe ba tare da an yanka shi ba.

Akwai kuma ta hannu mai sauraron yoyo. Iskar da ke tserewa ta ƙaramar kafa tana fitar da sautin da ba mu ji, na'urar ta kamo shi a wajen kaɗawa 40,000, ko da ana hayaniyar tasha. Kanikawanmu dai ruwan sabulu suke shafawa su jira kumfa, wanda yana aiki, amma sai inda hannu ya kai.

Kafin mu biya kuɗin dako, mu sa direba ya cika tanki, ya kashe inji, ya taka birki ya riƙe na minti ɗaya, mu kuma idonmu yana kan allurar.