Hukuncin da Ya Hana a Raba Mandela da Aikin Lauya

A shekarar 1954 ƙungiyar lauyoyin lardin Transvaal da ke Afirka ta Kudu ta shigar da ƙara gaban babbar kotun lardin, tana neman a soke sunan Nelson Mandela daga rajistar lauyoyi, wato kundin da sai wanda sunansa ke ciki ne doka ta yarje wa ya yi aikin lauya. Hujjar ƙungiyar ita ce a watan Disamba na 1952 kotu ta same shi da laifi, tare da wasu jagororin baƙar fata da Indiyawa, saboda shirya gangamin bijire wa dokokin wariyar launin fata, aka yanke musu ɗaurin wata 9 na jeka-ka-gyara-halinka, wanda ba a kai mutum kurkuku sai in ya sake aikata laifin cikin wa'adin da aka ɗiba masa.

Mai shari'a Ramsbottom ya yi watsi da ƙarar, kuma dalilinsa ne ya sa har yau ake waiwayar hukuncin. A ganinsa, soke sunan lauya ba ƙarin horo ba ne a kan wanda kotu ta riga ta yi, hanya ce ta kare jama'a da martabar sana'ar daga wanda bai cancanci a ba shi amana ba. Saboda haka abin dubawa shi ne ko laifin ya nuna rashin gaskiya ko zubar da mutunci. Lauyan da ya cinye kuɗin wanda yake karewa ya faɗa wannan sahu, amma Mandela, duk da ya karya doka, burin yi wa al'ummarsa hidima ne ya motsa shi. Abin lura, alƙali farar fata ne ya faɗi haka a lokacin da mulkin wariya ke tashe. Albarkacin wannan hukunci, ofishin lauyoyi da Mandela da abokin aikinsa Oliver Tambo suka buɗe a Johannesburg ya ci gaba da cika da masu neman agaji.

Bram Fischer, lauyan da ya jagoranci kare Mandela a wata shari'a ta daga baya, wadda ake kira shari'ar Rivonia, bai sami wannan sassauci ba. Da shi ma aka gurfanar da shi gaban kotu, ya tsallake beli ya ɓuya a 1965, sai kotu ta soke sunansa bisa buƙatar 'yan'uwansa lauyoyi, kuma ba a mayar da shi rajista ba sai a 2003, shekara 28 bayan rasuwarsa.