Dutsen Sinai: Ziyarar da Kiristoci ke yi da ƙafa cikin dare

Tun da tsakar dare Kiristoci masu ziyara kan fara hawan Dutsen Sinai da ke kudancin yankin Sinai na ƙasar Masar, domin su isa ƙololuwarsa kafin fitowar rana.

Dutsen, wanda Larabawa ke kira Jabal Musa, yana da tsawon mita 2,285. Kiristoci da Musulmi da dama sun yi imanin cewa a nan ne Allah Ya yi magana da Annabi Musa.

Tafiyar takan fara ne daga gidan ibada na Santa Katarina da ke gindin dutsen, wanda Sarkin Rumawa Justinian ya sa aka gina a ƙarni na 6.

Hanyoyi biyu ne. Ta farko tana kewayawa a hankali, har raƙumi na iya bin ta. Ta biyu kuwa matakala ce ta duwatsu kimanin 3,750, wadda ake kira Matakalar Tuba, saboda an ce wani mai ibada ne ya jera ta domin neman gafara.

Hanyoyin sukan haɗu kusa da sama, inda matakala 750 na ƙarshe suka zama dole ga kowa, har da wanda ya zo a kan raƙumi. Hawan kan ɗauki kusan sa'o'i uku cikin sanyi mai tsanani.

A ƙololuwar akwai ƙaramin coci da aka sake ginawa a 1934, a gefensa kuma da masallaci.

Masu yi wa baƙin jagora Larabawan ƙauye ne Musulmi 'yan ƙabilar Jabaliyya, waɗanda suka shafe ɗaruruwan shekaru suna zaune tare da limaman Kirista na wurin. Limaman na ajiye da kwafin wata takarda da suka ce Annabi Muhammadu (SAW) ne ya ba su, ta alƙawarin kariya.

A watan Mayun 2025 wata kotun Masar ta yanke hukuncin cewa filayen wurin mallakin gwamnati ne, limaman kuma suna da haƙƙin amfani da su. Hukuncin ya tayar da hankali a ƙasar Girka, amma hukumomin Masar suka ce ba za a taɓa matsayin gidan ibadar ba.