Jigon Ramuwar Gayya a Labaran Kaboyi na Matasa

A wannan maƙala za mu dubi jigon ramuwar gayya a ƙagaggun labaran kaboyi na Amurka. Galibi akan gina su ne a kan maraya wanda hukuma ta kasa bi masa hakkin jinin mahaifinsa. A littafin True Grit na Charles Portis (1968), Mattie Ross, 'yar shekara 14, ta yi jingar ɗan doka don farautar wanda ya kashe ubanta. Ta harbi makashin, amma ta faɗa rami, maciji ya sare ta, aka yanke mata hannu. Erin Bowman ta bi wannan turba a Vengeance Road (2015), wanda ta rubuta musamman domin matasa. Darasin da muka tsinta shi ne, ɗaukar fansa ba ta zuwa a arha, mai ramawa ma sai ya biya.